"Da Sauƙi" Ɗin Sirajo

Sirajo mutum ne mai taurin kai, kuma da bakinsa yake faɗa. Cewa yake yi tun yana yaro a Yawuri ba a taɓa hana shi shiga kogi ya hanu ba. Karatun digiri na uku ya kawo shi Kuala Lumpur, ya zauna da matarsa Daso a hawa na huɗu na wani bene a Pantai Dalam. Shi ya tara 'yan Arewa shida, suna haɗuwa a mamak, wato shagon shayi da abinci na can, duk hutu su tafi gaɓar teku ta gabas su yi nitso, su kalli jiragen ruwan da suka nitse tun yaƙin duniya na biyu.

Dokar nitso ita ce bibbiyu ake sauka, kowa ran abokinsa na hannunsa. Abokin Sirajo shi ne Abdulwahidu, wanda Sirajon ya girma da shekara goma.

Korona ta kama Sirajo a tsakiyar 2021, ya kwana tara ana ba shi iska a asibiti. Da aka buɗe hanya bayan kulle a watan Oktoba, shi ya fara kiran tafiya. Abdulwahidu ya je gidansa, suka hau bene tare, ya ji ƙirjin mutumin yana fito kamar tsohuwar buta a wuta. Ya ce masa ya jiki. Sirajo ya ce da sauƙi. Ko mai gargara ka gaishe shi haka zai ce, Abdulwahidu ya sani sarai. Amma kunyar babba ta rufe masa baki. Ranar tafiya, mai kwale-kwale ma da ya tambayi Sirajo ko zai iya, "boleh" ya samu, wato "zan iya" da yaren ƙasar.

Suka bi igiya suka sauka mita talatin. Jirgin yana kwance a gefe ɗaya, ƙarfensa ya ci tsatsa, ƙofofinsa baƙi ƙirin, kifaye suna shiga suna fita. Can Abdulwahidu ya waiga ya ga kumfar numfashin Sirajo tana fita ba tsari, idanunsa sun firfito cikin tabarau. Sai ga shi yana harba ƙafa zai tashi sama a guje. Wanda ya yi haka daga wannan zurfi, iskar cikinsa kumbura take yi, huhu ya tsage.

Abdulwahidu ya cafki ɗamararsa, ya naɗe ɗaya hannun a igiya. Sirajo ya naushe shi, ya kusa tuge masa bututun baki. Abdulwahidu kuwa ba abin da yake gani sai fuskar Daso, da abin da zai ce mata. Haka ya riƙa sakin igiya taƙi-taƙi, har suka ga hasken sama. Da aka jawo Sirajo cikin kwale-kwale, kumfa ja ce a bakinsa.

Ya rayu. Likita ya ce shi da nitso har abada. Taurin kan yana nan, ko magani sai Daso ta yi da gaske yake sha. Abu ɗaya ya roƙa da 'yan ƙungiyar suka je duba shi, yana magana yana hutawa.

"Duk wanda ya ce muku da sauƙi, kada ku yarda, ko da ya haife ku. Ku sa shi ya hau bene, ku bi bayansa, ku saurara."