Gurbin da ke Bencin Gaba

A duk Abuja ba a yi mai zaunar da jama'a a coci kamata ba. Ba ni benci na mutum shida, in zuba masa goma sha biyu, har wani ya miƙe ƙafa.

Cocinmu na Baftis ya girmi birnin. Manoma da 'yan tireda Yarbawa ne suka gina shi da laka, a rafin bayansa ake yi musu baftisma. Da katafila ta zo, aka kwashe ƙauyen, rafin ya zama kwalbati, maƙabarta ta koma wurin ajiye motoci. Cocin kaɗai aka bari a tsakanin benaye. Kowace Lahadi tsofaffin ƙauyen kan shigo bas daga wajen Kuje, su zauna a tsofaffin bencuna uku na gaba, a warwatse, kamar haƙoran kakata. Na ɗauka tsamin jiki ne ke sa su baje.

Ranar bikin godiya coci ya cika har taga. Na hango gurbi kusa da wata tsohuwa, na jawo wani baƙo mai babbar riga.

«Mama, a ɗan matsa wa oga.»

«Akwai mutum,» in ji ta.

«Ya fita ne?»

Na yi dariya, na dasa baƙon a wurin.

Sai ta miƙe. Ana waƙa tana tsaye, ana wa'azi tana tsaye, dogare da sandarta. Sauran tsofaffin ba wanda ya dube ni. Kowa ya ɗora tafin hannu a kan gurbin da ke gefensa. A lokacin na ƙirga guraben. Sun fi masu zaman yawa. Fanka na juyawa, gumi na bin bayana, mai sanyi.

Wani dattijo ya raɗa mini cewa wurin mijinta ne. Kabarinsa na ƙarƙashin kwalta, ba ta san ma daidai ina ba. A duniya wannan taƙin katakon ne ya rage masa.

Da aka tashi na bi ta har bakin titi, na durƙusa, ni da tumbina, ina ba da haƙuri. Ta dube ni ta gyara ɗankwali.

«Tashi, ɗana. Gwamnati ma da ta tashe shi, sai da ta aiko da takarda.»