Yadda Na Yi wa Likita Dillanci

Shekara uku na yi ina zama a sahun ƙarshe ranar Juma'a, dab da ƙofa, inda ake jibge takalma. Mutane sun ɗauka tawali'u ne. Ina! Mafitsara ce. Da liman ya hau mumbari sai in ji kamar an zuba mini barkono a mara, in tashi in nufi bayan gida, in ɗiga abin da bai cika cokali ba, in sake alwala. Wata ranar kafin in dawo an sallame. Ba abin da nake roƙon Allah illa a yi huɗuba da ni daga farko har ƙarshe.

Sana'ata dillancin shanu a kara, nan Wudil. Boko aji biyu na yi, shi ma rabinsa a bakin kogi. Abin da na iya shi ne in tsaya a gefen da sa yake ɗingishi, in kare ƙafar da babbar riga ina ta yabon tozo. To, wannan halin na ɗauka na tafi da shi asibiti a Kano.

Likitan sa'an ɗana na fari ne. Duk zuwa sai ya ce, "Baba, ya jiki?" In ce, "Da sauƙi, alhamdulillahi." Me zan ce? Tunda nake ban taɓa jin an gaida marar lafiya ya ce babu sauƙi ba. Ga shi kuma wurin ciwon ba wurin da dattijo zai buɗe baki yana bayani ba ne. Shi kuwa bawan Allah sai ya sake rubuta mini ƙwayoyin nan dai, tunda a ganinsa suna aiki.

A zuwa na biyar mai ɗakina ta ce ƙafarta ƙafata. Ina cewa da sauƙi ta gyara mayafi ta ce, "Malam, ka ji tsoron Allah. Likita, dillali ne fa. Daga Wudil zuwa nan sau uku ya tsayar da mota, har fasinjoji suna tsaki."

Na ce, "Ke, gaisawa muke."

Likita ya ajiye biro. "Baba, a ɗakin nan in na ce ya jiki, ba gaisuwa ba ce, tambaya ce."

Aka zura wata siririyar na'ura mai ido ta inda ba zan faɗa ba, aka gano gyambo biyu a cikin mafitsarar, jawur. Ya ce ba kowane mai irin ciwona ke da su ba, amma tunda an gan su za a ƙona su da wani haske, wai shi leza.

Na ce, "Sakiya ke nan?" Don ni ita na sani: wanzami ya sa ƙarfe a wuta, ƙarti biyu su danne ka.

Ya yi dariya ya ce, "Kusan haka, sai dai mu ba ma hura gawayi."

Allura suka yi mini a gadon baya, ƙafafuna suka zama kamar na aro. Na yi ta baza hanci ko zan ji ƙauri irin na babbaka. Ban ji komai ba, har na fara zargin ba su yi aikin ba. Washegari da na je fitsari na tabbata sun yi. Kafin a sallame ni likita ya ce in rage yaji da goro, kuma gyambon yakan dawo, in ya dawo in faɗa da bakina.

Juma'a ta huɗu bayan aikin na yi sammako na kutsa sahu na biyu, ƙarƙashin fanka. Liman ya fara, ina jiran barkono, shiru. Na jingina da ginshiƙi don daɗi. Sai ji na yi maƙwabcina mai faci yana zungurina.

"Malam, har da minshari? Tashi, an tada iƙama."

Barci mai nauyi kuwa ba ya barin alwala. Haka na miƙe ina ratsa sahu bayan sahu ina ba da haƙuri. Raka'a ɗaya na samu, a rana, a gefen tabarmar wani mai rake.