Faifan Mosima a Kwalin Wani

A nan Mamelodi, gefen birnin Pretoria, in kana son ka ga tsoho ya koma yaro, ka jira Lahadi bayan an taso daga coci. Tsofaffi za su fito da takalma masu launi biyu, baƙi da fari, an goge su har ƙuda in ya sauka sai ya zame, su taru a garejin Phineas Sekgobela su saurari kiɗan jaz. Ƙungiya ce sosai, da shugaba da dokoki. Kowa da ranar da zai ɗora faifansa. In kiɗa ya ratsa mutum, sai ya miƙe shi kaɗai ya shiga tsakiya ya taka, saura su bi ƙafarsa da ido. Kuma ko gobara ta tashi, ba a ɗaga allurar garmaho daga kan faifai sai waƙa ta ƙare. Akwai wata dokar da ba mai faɗarta, amma ta fi sauran ƙarfi: mai kiɗan ya zama Ba'amurke. In ya riga ya mutu, ya fi daɗi.

A bakin wannan garejin Mosima ta girma, don Phineas yayan uwarta ne. Tun tana 'yar mitsitsiya ita ke goge masa faifai da tsumma, yana tsaye a kanta kamar an ba ta riƙon ƙwai. Shi ya koya mata ta ƙyale kakaki da ganga su yi ta surutunsu, ta kasa kunne can ƙasa inda bes ke gurnani, ƙaton gogen nan da ake tsayarwa a ƙasa ana jan igiyoyinsa da yatsu. Ya ce wannan shi ne ginshiƙin ɗaki. Yarinya ta ɗauki maganar da gaske, ashe shi a leɓe kawai take. Ranar da ta shigo da bes ɗinta na farko, wanda ya fi ta tsawo, cewa ya yi ta kai shi baya kada ya tare wa baƙi hanya.

Yanzu ta haura arba'in. Yatsunta sun yi kanta kamar na mai ɓarar masara. Tana kiɗa a otal-otal na cikin Pretoria, inda masu ƙulla wuya ke taunar nama suna magana a kan waƙarta kamar ita fanka ce da aka kunna. Direbobin tasi in sun hango ta da kayan nan sai su ƙara wuta. Wani ɗan kamfanin buga faifai ya taɓa ce mata ta ajiye katakon, ta sa guntun siket ta riƙa rera waƙar soyayya, zai mai da ita tauraruwa. Ta ce ya sa siket ɗin da kansa, ƙafafunsa sun fi nata kyau. Tun daga nan ba kamfanin da ya sake nemanta. Ba zan ce mai sauƙin hali ce ba. Makaɗan gangar da ta kora sun isa su kafa tasu ƙungiyar.

Ita waƙa ba daga farin ciki take zo mata ba. Sai abu ya tokare mata ƙirji, ya ƙi fita ta baki, sannan ta rungumi bes. Uwarta Dikeledi wankau ta yi har ta mutu, kuma in magariba ta yi takan tsaya a bakin ƙofa ta kira ta da murya hawa uku, Mo-si-ma, na ƙarshen ya gangara ƙasa kamar gargaɗin bulala. Bayan an binne ta, kiran nan ya ƙi barin kunnen Mosima. Ta yi ta jan sa a kan igiya har ya zama waƙa. A ɗakinta na baya suka naɗe ta, ita da mai ganga da mai kakaki, an jingina katifa a taga, ana jira karen maƙwabta ya gaji da haushi. Ta sayar da 'yar motarta ta sa aka buga ta a baƙin faifai irin na da, don ta san a wurin kawunta abin da ke cikin waya ba kiɗa ba ne.

Shi ta fara kai wa. Ya juya kwalin gaba da baya, ya ga hotonta, ya ce jaz na gida kamar ganyen shayi ne da aka sake zuba wa ruwa. Amma bai mayar mata ba. Bayan 'yan makonni ya aiko: ta zo ran Lahadi, ranarsa ce.

Ta zo cikin rigarta ta zuwa biki. Gareji ya cika, ana juya tukunyar kayan ciki da tuwon masara a waje, kwalabe na zufa a ƙarƙashin kujeru. Phineas ya miƙe, ya zaro faifai daga wani tsohon kwali mai hoton Ba'amurke da malafa da sigari, ya ɗora, ya saki allura.

Sai ga kiran uwarta ya cika garejin.

Bra Solly Mathebula, tsohon direban bas wanda gwiwa ta hana shi rawa tun bara, ya ajiye sandarsa ya shiga tsakiya. Ya ja ƙafa a hankali, ya tsaya cak, ya karkace kamar zai faɗi, ya dawo daidai inda igiyar ta dawo. Idonsa a rufe.

"Kun ji mutanen Chicago," in ji wani daga baya. "Ka ji yadda namiji ke jan igiya."

"Namu na nan ko shekara ɗari suka yi ba za su kamo wannan ba," in ji na kusa da shi.

Mosima ta dubi kawunta. Yana murmushi, har da kashe mata ido, wai shi ya yi dabara. Motarta, da yatsunta, da muryar uwarta, duk an kwashe an ba wani mataccen da bai taɓa jin sunan Mamelodi ba. Ta tashi, ta ratsa ta gaban Bra Solly, ta ɗaga allurar.

Kiɗa ya yanke. Bra Solly ya tsaya da ƙafa ɗaya a sama.

"Ausi, 'yar'uwa, kanki ɗaya kuwa?" in ji wani.

"Nawa ne," ta ce. "Namijin Chicago da kuke yabo ga shi tsaye a gabanku da ɗankwali. A ɗakina da ke bayan gidan mai gyaran taya aka naɗe shi. In kun kasa kunne za ku ji karen maƙwabciyata Mma Maleka."

Phineas ya matso, yana magana ƙasa-ƙasa. "Ke, kada ki tozarta ni. Da na nuna musu fuskarki, wa zai tashi? So nake su yi wa ƙanwata rawa sau ɗaya. Kin ga sun yi."

"Ashe ka gane muryarta, Malome," in ji ta, wato kawu da harshensu.

"Tun jan farko."

"Ka gane ta, ka sa mata malafa da sigari. Tana da rai ta wanke rigunan wasu, ta mutu kuma ka ba ta aron suna." Ta zare faifan ta rungume shi tsirara. "Riƙe kwalinka."

Ƙungiya ta zauna a kan maganar. Ba wanda ya ce waƙar ta yi daɗi, kuma ba wanda ya tuna ya taɓa cewa Chicago. Abin da suka tattauna shi ne allura. Aka hana Mosima shiga garejin har abada, ita da ba 'yar ƙungiya ba, aka karɓe wa Phineas ranarsa ta gaba. Har yau in ya hango ta sai ya tsallaka titi. Sauran faya-fayan da ta buga suna nan jibge a ƙarƙashin gadonta.

Ran Talata da hantsi tana shanya, sai ga Bra Solly a bakin ƙofa, da sanda a hannu ɗaya, da leda a ɗayan. Ya zauna a kan bokiti, ya ciro takalman nan masu launi biyu, ya fara ɗaurawa.

"Kin bar ni da ƙafa a sama, 'yar Dikeledi. Tun Lahadi ban sauke ta ba. Sa mini abin nan in ƙarasa."

"Wane abu, Bra Solly?"

"Faifan mana."

"Na wa?"

Ya yi ta fama da igiyar takalmi kamar bai ji ba. Ta naɗe hannu ta jira. Ta iya jira, ai karen maƙwabta ya koya mata.

"Na Mosima," ya ce wa takalminsa.

"Ban ji ba. Ka san mu na gida kunnenmu bai kai na Chicago ba."

Ya ɗago ya faɗa da ƙarfi, har Mma Maleka ta leƙo ta kan shinge. Mosima ba ta ɗauko faifan ba. Ta shiga ta jawo bes ɗin kansa, ta kafa shi a tsakar gida tsakanin igiyar shanya da famfo, ta ce ya tashi, daga farko za a soma.