Ƙafafun da Suka Tsare Barajin Garin Ƙadri

Kullum in aka sallame sallar asuba a Garin Ƙadri, wani ƙauye a ƙasar Mayahi, Malam Na Allah ba ya komawa shimfiɗa. Yakan ɗauki guntuwar taɓarya da ƙaramar hauya ya nufi baraj, madatsar ruwan da aka yi wa garin shekara ashirin da shida da suka wuce. A bakin ganuwar ƙasar da ta tare ruwan yake tuɓe takalma, ya sauka ta bayanta, ya bi ta a hankali daga wannan kai zuwa wancan, taku ɗari huɗu da 'yan kai. Abin da yake nema ɗaya ne: wurin da ƙasa ta yi sanyin da ba na raɓa ba. In ruwa ya fara bin ramin gafiya ko gidan gara, ido ba ya gani sai aiki ya ɓaci, amma tafin ƙafa yana ji tun da wuri. Nan zai tona, ya cusa yumɓu, ya daddage da taɓarya.

Ni ba don shi na je ba. Tsohon mushe ne ni, wato malamin makaranta, na ajiye alli na koma rubuce-rubuce, zaman Tasawa ya ishe ni, aka ce akwai wani baraj da har yanzu yake riƙe ruwa. Na hau kabu-kabu ina gunaguni, don na ga irinsu da yawa. A buɗe su da kiɗa da jawabi, bayan damina uku ka tarar awaki na kiwo a ciki.

Wannan kam na tarar da shi cike taf, ƙarshen damina ne. Na zaga abin da ƙafata za ta iya, ba ta kuwa iya da yawa. Na ga belbela sun yi wa wani gawo fari fat. Na bi ta cikin goriba har burtalin da shanu ke sauka shan ruwa, na leƙa tsohuwar rijiyar garin da guga ta sassaƙe bakinta, na dawo ta wajen masu bugun bulo. Ƙasan ganuwar kuwa lambuna ne jere, ana gyaran fangalin albasa da kabeji. A nan na zube gindin zogale ina haki, wata mai lambu, Zubaida, ta miƙo mini ruwa.

Ita ta fara ba ni labarin Na Allah. Ta ce, "Mushe, shekarar babban ruwa, tsohon ga ya taka wani wuri bai hi faifai ba, ya ce nan ganuwa za ta hwashe. Aka yi mishi dariya. Ya tsaya bakin masallaci ya hana kowa tahiya gona, sai da aka kwashi buhunna aka bi shi. Da aka tona, ruwa na bin ramin kamar hitsarin saniya. Da babu shi, da babu lambun ga, da babu gidana."

Wani makiyayi ya ce ya sha zagin Na Allah saboda ya hana shanu hawa ganuwa, yanzu kunyar haɗa ido da shi yake ji. Aka kuma ce masu furoje, ma'aikatan raya karkara, sun taɓa ba shi dogayen takalman roba don karramawa. Ya yi godiya, ya rataye su a zaure, suna nan shekara ashirin, sai gizo-gizo ke mora.

Kai ne, Na Allah, ganuwa bayan ganuwa. Ba ka da ofis, ba ka da hula mai tambari, sunanka ba ya kan allon da aka kafa ranar buɗewa.

Washegari na bi shi zagaye. Yana gaba, matarsa Biba na biye da ƙwaryar fura a ka, ita ma ba takalmi. Ba wanda zai ga mace bayan mijinta ya yi tambaya, ni ma ban yi ba. Mun yi nisa kaɗan ta ce, "Malam, dakata in huta." Ta sauke ƙwarya. Tana ɗauke ta, ya sa hauya daidai inda gindinta ya zauna, sai ga laka jiƙe sharkaf. Na ce a raina, tsoho ya san aiki.

Can gaba ya taka ƙayar aduwa. Ina ganinta ta shige, ina ganin jini a sawunsa, shi kuwa yana ta tafiya yana ba ni labarin gafiya.  Biba ta sake cewa za ta huta, ta durƙusa ta cire masa ƙayar.

Ya dube ni, ya ga na gani. Ya nuna inda ƙwarya ta zauna, ya ce, "Mushe, tuɓe takalminka ka taka nan. Mi ka ji?"

Na taka, na ce, "Gaskiya, Malam, ban ji komi ba."

Ya ce, "To mun zama biyu."

Damina uku ke nan ciwon suga ya kashe masa tafin ƙafa. Biba ce ke ji, shi ke tonawa. Duk inda ta ce ta gaji, nan sanyin yake. Sun ɓoye wa gari don kada a ce Na Allah ya ƙare, kuma don ya yi cigiyar magaji a masallaci har sau biyu, kowa ya sunkuyar da kai, ana cewa ai tsoho na nan.

Biba ta ce, "A da ƙarya nike in na ce na gaji. Bana gwiwar ga da gaske take."

Na ce zan rufa musu asiri. Ya girgiza kai. "A'a, rubuta. Muddin suna zaton ina ji, ba mai tuɓe takalmi. Gara a ce na ƙare da a ce baraj ya ƙare."

To na rubuta, Malam, ko da yake hannuna bai so ba. Kai ne ka tsare ruwan gari da ƙafarka, da ƙafar ta tafi ka ba da girmanka a madadinta. Ke kuma Biba, kin yi damina uku kina aiki ana yabon wani, ba ki taɓa gyara wa kowa zance ba. Mun gode. Allah Ya saka muku, Ya sanyaya muku gaɓoɓi.

Ku kuma mutanen Garin Ƙadri, masu albasa da masu shanu da masu bulo, na gaji da rubuta ta'aziyyar madatsu. Ba ilimin lakwal, na boko, aikin nan ke so ba, sammako yake so da tafin ƙafa mai rai, kuma masu koyarwa biyu suna nan da ransu. Wani ya tuɓe takalmi kafin damina ta zagayo.

Ranar da zan koma Tasawa, Na Allah ya rako ni bakin hanya. Yana sanye da takalman robar nan na zaure, ya kakkaɓe musu yana.