Malama Kaltumi da Baturan Tsamiyar Gwani

Da an sallame sallar asuba, Malama Kaltumi Madu takan fito daga gidanta a Ɗambatta da takalmin roba a ƙafa, irin na masu shiga fadama, ta nufi tasha. Direbobin bas duk sun san ta, sun kuma san ba kullum take zarcewa kwalejin fasahar da take koyarwa ba. Sau tari a bakin wani ƙauye take cewa a sauke ta, inda ɗalibanta ke jiranta a gindin tankin ruwan da ya daina zuba, ko a jikin allunan sola da suka koma inuwar awaki. Nan ne ajinta.

Iyayenta 'yan kasuwa ne daga Borno, amma ita a nan aka haife ta, a nan ta yi furfura. Darasinta shi ne tafiyar da harkokin fasaha a fannin makamashi da muhalli. Sauran malamai suna koyar da haɗa waya, ita kuwa tana koya wa ɗalibi abin da zai yi da na'ura bayan an tafa, an ɗauki hoto, manya sun shiga motocinsu.

"Ku shiga gari ku tambaya," haka take ce musu. "Wa aka koya wa gyara? A wace kasuwa ake samun kayan gyaran? In batir ya mutu, ina za a kai shi? Wanda bai iya amsa waɗannan ba, ko da digiri a hannunsa, ɗan dako ne. Ya kawo kaya ya sauke, shi ke nan."

Ɗaliban da suka bi ta hannunta yau suna riƙe da kujeru a kamfanonin sola da ma'aikatun muhalli, daga Kano har Abuja. A cikinsu babu wanda ta taɓa alfahari da shi kamar Najib, wanda ko tambayar ba ta gama ba ya ba da amsa.

Shekarun baya wani kamfani ya samu kwangilar kai wutar sola Tsamiyar Gwani, wani ƙauye a gefen Bagwai. Aka sa Malama a kwamitin ba da shawara. Ranar zaman farko ta ɗaga kai, sai ga Najib, shi ne manajan aikin. Ta ji daɗi har cikin ranta. Ya yi bayani tiryan-tiryan: fitila a ɗakin shan magani, fanka a masallaci, injin niƙa ba sai da fetur ba. Da ya gama ta ce, "Madalla. To baturan fa, idan suka mutu?"

Aka wuce zuwa wata magana. Bayan an tashi Najib ya same ta a waje, ya russuna kamar yadda ya saba.

"Malama, don Allah ki yi haƙuri. Kwangilarmu ranar buɗewa take ƙarewa. Abin aji daban, abin fili daban."

"Najib, ni na koya maka wannan?"

Ya miƙe ya nufi motarsa. Ita kuwa ta ƙi amincewa da tsarin. Zama na gaba ba a kira ta ba, kuma babu wanda ya yi mata bayani.

Wuta ta kama, gari ya yi murna. Da shekaru suka ja, baturan suka fara kumbura ɗaya bayan ɗaya, har wutar ta ɗauke gaba ɗaya. Lambar wayar da kamfanin ya bari ta daina shiga. Sai 'yan gwangwan suka zo suka ce suna sayen dalmar da ke ciki. Magidanta suka kwashi baturan suka kai gida, suka farfasa da gatari, suka zubar da ruwan a tsakar gida, suka narkar da dalmar a tsofaffin tukwane. A wannan ƙasar yara ke rarrafe, a cikinta suke wasan ɗan tuwo-tuwo. Babu wanda ya taɓa gaya musu guba ce.

Yara suka fara amai da ciwon ciki, wasu na shiɗewa. Aka ce iska ce, aka yi ta turare da tofi. Tahira, 'yar wata baiwar Allah mai suna Mairo, ba ta daɗe da yaye ba, ta rasu a kan babur, a hanyar asibiti.

Wata ɗalibar Malama, Zulaihatu, 'yar yankin ce, ita ta kawo labarin aji. Malama ba ta ƙarasa darasin ranar ba. Ta kwashi ɗalibai suka tafi. Mai unguwar garin ya shaida mini da bakinsa cewa ya ga matar nan, da shekarunta, ta ɗaura kallabi a hanci tana kankare ƙasar tsakar gidan mutane da shebur, tana zubawa a buhu. Gida-gida ta bi tana roƙon a ba ta ragowar baturan da tukwanen. Wani ya zage ta, ya ce ta zo hana su neman abinci. Ta tsaya har ya gama, sannan ta ce ya ɗauko mata ɗansa ta ga idonsa, ko gubar ta taɓa shi. Ita ta yi ta zarya wajen hukumomin lafiya har aka zo aka gwada jinin yaran. Ta kira Najib, ya ce yana taro zai kira ta. Har yau yana taron.

Da ta shiga yi wa Mairo ta'aziyya, wani ya riga ya gaya wa matar abin da ya faru a kwamiti.

"Malama, an ce tun farko kin san haka za ta faru?"

"Na san za ta iya faruwa. Na faɗa musu."

"Su kika faɗa wa," in ji Mairo, ba tare da ta ɗaga murya ba. "Su 'ya'yansu ba a nan suke wasa ba."

Malama ta yi mata sallama, ta koma Ɗambatta da maganar. Daga wannan shekarar, babu ɗalibin da ya sake cin darasinta sai ya tsaya a gaban matan wani ƙauye ya bayyana musu da Hausa abin da ke cikin batir, har sun gane.

To, me aka saka mata da shi? Kwalejin ta ce ta jawo surutu, kamfanoni sun fara ƙin karɓar ɗalibai koyon aiki. Aka narkar da darasinta cikin wani, aka mayar da shi na ganin dama. Watan jiya ta yi ritaya. Ba a yi walima ba, ko ruwan leda ba a raba ba. Ɗakin da take tara ɗalibai yanzu tsofaffin kujeru ake jibgewa a ciki. A makon ne kuma aka nuna Najib a talabijin, an ba shi lambar yabo ta kare muhalli.

Malama, ke ce uwar masu tambaya. Ke ce kika koya wa 'ya'yan manoma cewa aiki ba ya ƙarewa ranar da aka yanke ƙyalle. Ke ce kika ji magana mai ɗaci daga bakin uwar da ta binne 'yarta, ba ki kare kanki ba, kika mayar da ita darasi. Ba duk abin da kika shuka ne ya lalace ba. Zulaihatu ta ƙi aikin Abuja, yanzu ita ke kula da wutar ƙauyuka da dama tsakanin Bagwai da Rimin Gado, ta horar da masu gyara a kowane gari, kuma duk batir ɗin da ya mutu ita ke rako shi har inda ake karɓarsa. A madadin iyayen yaran da suka rayu, mun gode. Allah ya saka miki da abin da mutane suka hana ki.

Ku kuma da kuka zauna a ajinta, da duk mai karatun makamashi a yau, ku koma wuraren da kuka kafa kayanku ku ga halin da suke ciki. Na je gaishe da Malama na ce zan yi wannan rubutu, tana zaune a tabarma ta jingina da bango saboda ciwon baya.

"Rubuta abin da ka ga dama," ta ce. "Amma ka gaya musu akwai garuruwan da baturansu ke kumbura yanzu haka. Ni bayana ya daina ɗaukar shebur. Wani ya zo ya karɓa."