Tayoyin da Ka Sa wa Tsohuwa

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ranar Talata, sha ɗaya ga watan Maris, da hantsi, Allah ya karɓi ran abokin sana'ata, mai walda, wanda duk layinmu ya sani da Mai Tartsatsi. Ya rasu a gadon asibiti, aka yi masa sutura bayan la'asar. Masu zuwa gaisuwa suna ta cewa gajeriyar jinya ya yi, ni ma haka na ɗauka, sai da na tsaya a barandar asibitin nan na ji abin da ban taɓa zaton zan ji ba.

Mai Tartsatsi, da kai nake. Babbar 'yarka ce ta fito riƙe da jakar kayanka, idanunta jawur, ta ce mini, "Baba Bahago, sai dai mu gode wa Allah da ma ya kawo yanzu. Ai tun bara likita ya ce zuciyar ta gaji."

Na ce, "Wace bara?"

Ta dubi mahaifiyarta. Maiɗakinka ta sunkuyar da kai, ta ce, "Ka yi haƙuri. Shi ya hana a faɗa maka."

Da aka jera sahu za a sallace ka, yayanka ya roƙi jama'a duk wanda ka taɓa saɓa wa ya yafe maka. Kowa ya amsa, har waɗanda ba su taɓa gaisawa da kai ba. Ni da nake tsaye daidai kanka, bakina ya ƙi buɗuwa. Na yi maka salla, na ɗauki makara, na zuba ƙasa da hannuna, amma kalmar nan ba ta fito ba. Saboda ita nake wannan rubutu.

Ba zan rage maka alheri don ina fushi da kai ba. Tun muna da baƙin gashi muka haɗa shago, ni ina awo da yanka da huda, kai kana haɗawa da wuta. Ban taɓa ganin ka mayar da mai ƙaramin aiki ba. Mai shayin bakin layi ya kawo bencinsa da ya karye, ka ajiye ƙofar da kake haɗawa ka gyara masa, don ka ce masu shan shayi ba za su sha a tsaye ba. Tsohuwar nan da keken guragunta ya tsage a gindi, kai ka bi ta har gida da injin walda a bayan babur, ka dawo kana ba ni labarin yadda ta yi maka faɗa wai ka ƙona mata tabarma. Shekarar da bayana ya riƙe na kwanta, kai ka ɗauki aikina da naka, kullum ka tashi sai ka biyo ta gidana, ka zauna a bakin katifa kana yi mini tsiya wai lalaci ne. Ba abin da na ɓoye maka a duniya. Ranar da idona na dama ya fara hazo, kai ka fara ji kafin matata.

A kusurwar shagonmu akwai injin huda ƙarfe, irin mai tsayin mutum, mai nauyin kai da siririyar ƙafa. Tsohuwa muke ce masa. Shagon ƙarami ne, don haka duk ranar da aka kawo dogon bututu ko ƙarfen ƙofa, ba ya shiga ƙarƙashin injin sai an kai Tsohuwa bakin ƙofa. Wannan kuwa aikin mutum biyu ne. Kai ka rungumi kan, ni na kama teburin, mu karkata ta kan kusurwa ɗaya, mu juya, mu sauke, mu sake. Kana cewa "Ɗaga," ina cewa "Juya," har mu isa. Mai shayi kan leƙo ya ce, "To, tsofaffi sun fara rawarsu." Mu ajiye ta muna haki muna dariya.

Shekarun baya ni na fara cewa mu yi mata mazauni mai taya. Ka ɗage gilashin walda ka harare ni. Ka ce, "Bahago, ranar da mutum ɗaya ya iya tura ta, me zai sa ka riƙa jirana da safe? Bar ta haka. Muddin sai da mu biyu take motsi, ba mai barin wani." Na yi dariya, amma maganar ta zauna mini. Na ɗauke ta alkawari.

Sai bara, wata safiya, na zo na tarar ka jera ƙarfe mai kusurwa a ƙasa, da tayoyi huɗu sababbi a cikin kwali. Ka ce mini wai ɓarɓashin ƙarfe ya taru a bayan Tsohuwa, tsintsiya ba ta kaiwa. Kai da ban taɓa ganin tsintsiya a hannunka ba! Na ce lallai tsufa ya zo maka da tsafta, ka ce in rufe baki in ɗauko tef ɗin awo.

Ina tuna aikin nan dalla-dalla, kuma yanzu kowane mataki ciwo yake mini. Ni na auna ƙafar injin. Ka ce in ƙara faɗi ta kowane gefe, domin abu mai nauyin kai in aka ɗora shi a kan matsattsen gindi, ƙaramin dutse ya isa ya kifar da shi kan mai turawa. Ni na yanka ƙarfen. Ni na riƙe shi da hannuna kana ɗiga masa walda a kusurwoyi, muka ja tef daga wannan kusurwa zuwa waccan, muka sake ja ta ɗaya ɓangaren, sai da awon ya zo daidai sannan ka bi shi da wuta sosai. Ba ka yi gefe ɗaya ka gama ba, ka riƙa tsallakawa nan da can don kada zafi ya murɗe shi. Tayoyin ma ba ka sa su a ƙarƙashi ba, ka yi musu kunnuwa a waje, yadda injin zai zauna dab da ƙasa. Biyu na baya tsayayyu, biyu na gaba masu juyawa, masu birkin da ake takawa da ƙafa. Na ce, "Wannan ai ba mazaunin inji ba ne, motar amarya ce." Ka yi dariya har da tari.

Da muka zo ɗora ta, muka sa dogon bututu muna ɗagawa muna cusa katako, har ta hau. Na ɗaure ƙafarta da kusoshi masu noti. Da na ɗago, na gan ka zaune kan bokitin fenti, gumi ya jiƙa maka riga, leɓɓanka sun yi fari. Na tambaye ka, ka ce hayaƙin walda ne. Na kawo maka ruwa, na yarda.

Abu na ƙarshe da ka haɗa shi ne mariƙin turawa, lanƙwasasshen bututu, ka manna shi a gefen hagu. Na ce, "Malam, ka manta da wane hannu kake cin abinci?" Ka ce ta nan ne bango bai tare ba. Na duba, bangon bai tare ko'ina ba, amma na bar ka, don na san gardamarka.

A shagon nan bahago ɗaya ne. Yanzu na gane wa ka yi wa mariƙin.

Wannan ne abin da ya tsaya mini a rai. Ka fito daga wurin likita da labarin da ka ji, ka faɗa wa matarka, ka faɗa wa 'yarka, ka faɗa wa yayanka da sai a shekara kuke haɗuwa. Ni da muke kallon fuskar juna tun safe har yamma, ka zo ka miƙa mini ƙarfe ka ce in riƙe. Ka sa ni da hannuna na haɗa abin da zan zauna da shi bayan ba ka, ina ta ba'a kana taya ni. Ka ci amanata, Mai Tartsatsi. Ba na jin kunyar faɗa, don gaskiya ce. Da na sani, da ban bar ka ka ɗaga ko guduma ba. Da na raka ka asibiti na zauna a benci, kamar yadda ka zauna a bakin katifata. Da na rage yi maka tsiya a kan sallar da kake yi a zaune, wai ka fara shagwaɓa. Ka hana ni wannan duka, ka yanke hukunci kai kaɗai a kan abin da namu ne mu biyu.

Da na je gaisuwa, maiɗakinka ta ce mini daga bayan labule, "Cewa ya yi in ka sani, za ka karɓe masa walda ka zaunar da shi a kujera, shi kuma ba ya so ya ƙare kwanansa ana kallonsa." Ban musa ba. Haka zan yi, kuma da na yi, da ban yi laifi ba. Ta ce, "To ka yafe masa?" Na ce mata Allah ya ba mu haƙuri, na tashi.

Makon jiya na buɗe shago. Tun rasuwarka ban taɓa Tsohuwa ba, tana kusurwarta da birkinta a take. Sai ga wani ya kawo dogayen bututu na rumfa, yana so a huda. Na je na kama teburin injin yadda na saba, na tsaya ina jiran a ce "Ɗaga." Mai bututun yana kallona, ya ce, "Baba, in taimaka ne?" Na ce a'a. Na saki birkin da ƙafa, na sa hannun hagu a mariƙin nan, ya zauna a tafina kamar an auna. Na tura. Ta bi ni har bakin ƙofa ba ƙara, ba tangaɗi, ta tsallake tsagin simintin nan da ke tsakiyar shago ko girgiza ba ta yi ba. Na so a ce ka ɓata aikin. Na so taya ɗaya ta cije, in sami abin da zan zage ka a kai. Mai shayi ya leƙo daga rumfarsa, ya gan ni ni kaɗai da ita a bakin ƙofa, ya juya ya koma ciki.

A nan na taka birki, na dafa kanta inda kake rungumewa, na faɗi abin da na kasa faɗa a sahu. Na yafe maka, duniya da lahira. Ban faɗa don zafin ya huce ba, bai huce ba. Na faɗa ne don ba zan yarda ka kwanta da nauyina a kanka ba, kai da ka kwashe ƙarshen ƙarfinka kana sauke mini nauyi.

Allah ya jiƙan ka, ya gafarta maka, ya yalwata kabarinka ya haskaka shi. Allah ya sa ciwon da ka ɓoye ya zama kankarar zunubi, ya saka maka da Aljanna a kan kowane benci da kowace ƙofa da ka gyara wa marar ƙarfi. Ina miƙa ta'aziyyata ga maiɗakinka, da 'ya'yanka, da yayanka, da dukan 'yan layinmu. Allah ya ba su haƙurin rashi, ya raya abin da ka bari, ya sa mu cika da imani in tamu ta zo. Ni kuma Allah ya ba ni juriyar buɗe shagon nan kowace safiya ba tare da na jira kowa ba.