Ƙarfen da Na Kai Maƙera

Ɗana na fari, wanda bakina bai taɓa kama sunansa ba, ya yi aiki a ɗakin gwaji na wani kamfanin narka ƙarfe. Da gwamnati ta shiga tsuke bakin aljihu aka rufe kamfanin, aka ce kowa ya koma gida, za a neme su. Ya dawo mana Madadi da akwati ɗaya da wani dunƙulen ƙarfe mai ruwan toka, bai fi ƙwan agwagwa ba.

Ya ce a cikinsa akwai wani abu wai shi titaniyam. Na sa ya maimaita har na rubuta a littafina na yaƙi da jahilci.

"Inna, kin ga yadda kike jefa alif a randa, laka ta kwanta? Haka ake jefa wannan a narkakken ƙarfe, ya janye dattin."

Aikinsa shi ne ya kankari kaɗan daga ƙarfen da aka narka, ya narkar a ruwan asid, ya ɗiga wani magani. Ruwan sai ya koma rawaya, kuma daga ƙarfin rawayar yake sanin yawan abin. Wannan dunƙulen shi ne ma'auni, da shi ake gwada sauran. Ogansa ya ba shi ajiya, ya ce ranar da aka buɗe ya zo da shi.

Duk Juma'a sai ya fito da shi ya goge. Shekaru suka tafi. Har aka ƙaddamar da Shari'a, mutane na cewa yanzu komai zai gyaru, shi yana nan yana goga. In ya wuce majalisa sai a ce, "Injiniya, yau ma ba a kira ba?"

Wannan ce ta ci mini rai. Na ce a zuciyata, ƙarfe mai daraja haka ai zai yi fartanyar da ba a taɓa gani ba, sai bakin kowa ya mutu. Ranar kasuwa na ƙulle shi a gefen mayafi, ban gaya masa ba, na kai wa wani maƙeri a Kabo, na ce masa daga wurin aikin ɗana ya fito.

Ya sa a wuta, ya ɗora a uwar maƙera. Guduma ɗaya, ya tarwatse kamar tsohuwar tukunya.

"Hajiya, wannan ne karatun ɗan naki? Ko allura ba ya yi!"

Na durƙusa ina tsintar gutsattsarin a cikin gawayi, suna ƙona mini yatsu.

Da na koma gida na kwance wa ɗan nawa mayafin, ya daɗe yana kallo. Na so ya yi faɗa. Sai ya ce, "Ba komai, Inna. Dama ba za su kira ba."

Washegari ya ɗauki tsohuwar fartanyar mahaifinsa ya nufi gona. Mutanen majalisa suka ce Allah Ya shirye shi, har wasu suka zo yi mini barka. Tun daga ranar bai ƙara yi mini bayanin komai ba.